Inda Keken Zai Juya

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mijinta a saman bene, bai sake taka ƙasa ba. Shi ya sa ta kira magini ya fitar masa da ɗaki a filin bayan gida kafin damina ta faɗo.

Magini ya zana ɗakin da toka a ƙasa: nan gado, nan banɗaki, nan ƙofa. Ta turo keken guragun babu kowa a kai, ta shiga zanen da shi. Tsakanin gado da banɗaki ya ƙi juyawa. Ta share tokar da ƙafa, suka matsa hagu, sai katangar maƙwabci. Suka matsa dama, sai ramin shadda.

"Hajiya, gaba kura baya siyaki," in ji magini. "Sai dai bishiyar lemon nan ta tafi."

Maigidan ne ya dasa ta da hannunsa, ita kaɗai yake wuni yana kallo ta taga. Hajiya ta ɗaga kai. Yana can, goshinsa a jikin gilashi.

"Ɗauko gatarin," ta ce. "Amma jira in hau in ja masa labule."