Inji Ya Mutu

Shekara talatin Celestine yana gyaran janareto a Sabon Gari, shagonsa jikin nawa, kuma abu ɗaya ya yarda da shi: kowane inji sai ya mutu wata rana. Shi ya sa da 'yarsa Amarachi ta shiga sojan sama, mutumin nan ya daina cin abinci da daɗi.

Da ta zo hutu, saura wata guda ta fara tashi da jirgi ita kaɗai, ta yi masa bayanin na'urar da ake koya musu tuƙi da ita. Wani akwati ne a ƙasa, cikinsa sak jirgi, malami yana kashe mata inji ba sanarwa, ta yi ta maimaitawa har hannu ya saba. Celestine ya ce wannan ai wasan yara ne, kuma ba zai sa albarka ba sai ya gwada 'yar tasa da kansa. Ita kuwa ta ce ba za ta hau jirgin ba sai da albarkarsa.

Nan muka shiga uku. Tana cikin cin shinkafa sai ya ce, "Inji ya mutu." Ko cokali ba ta ajiyewa: "Hanci ƙasa, riƙe gudu, nemi fili, duba mai, kira hasumiya." A Adaidaita ya yi mata, a ƙofar coci ya yi mata, har tana tsaka da cinikin atamfa a Fagge. Sau ɗaya ba ta yi gargada ba. Ni da nake ɗinkina a gefe sai da na haddace, haka ma mai shayi.

Ranar komawarta ya dafa kanta, ya ce Allah ya kai lafiya.

Safiyar da za ta tashi ya kasa riƙe sifana. Wani jirgi ya wuce ta samanmu, wa ya sani ko nata ne, sai muka ji yana cewa a hankali, inji ya mutu. Layin gaba ɗaya muka amsa masa, daga hanci ƙasa har kira hasumiya. Ya yi dariya har da hawaye.

Da azahar ta bugo waya. Ya tambaye ta ya jirgin gaske.

"Ya fi sauƙi, Baba," in ji ta. "Ba wanda ya kashe min inji, kai ma ba ka nan."