Yarinyar da Aka Haska

Aikina a maɗaba'a ninke takardu ne. Inji ya fito da su manya-manya, ni in ninka su, in miƙa wa Iya Mai Ɗinki ta buga musu ƙusa biyu a tsakiya su zama littafi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma duk abin da ya bi ta hannuna sai na karanta shi a hankali, ba tare da kowa ya lura ba.

Ranar Litinin aka fara buga wani littafin yara da za a raba a makarantu kafin damina ta kankama. Labarin wata yarinya ce da ta shirya wa ambaliya. Ta sa tocila da gorar ruwa da takardun haihuwa a leda, ta zuba a jaka, ta rataye jakar a bakin ƙofa. Da ruwa ya fara shigowa, ta kama hannun kakarta suka hau tudu tun hanya tana biyuwa.

Ina gama karantawa na tuna da Aku, 'yar yayana. Shekararta bakwai, surutu ne ya ja mata sunan. Bara ruwa ya ci unguwarmu, ta wuni a kan rufin maƙwabta ita da uwarta kafin a zo da kwalekwale. Tun daga ranar, da hadari ya haɗo sai bakin nan ya mutu, ta shige ƙarƙashin gado.

Na roƙi Iya ta ba ni ɗaya cikin waɗanda ƙusarsu ta karkace.

Ta ce, "Ɗauki mana. Ke ko shara za ki taɓa sai kin nemi izini."

Da yamma na zauna da Aku a bakin ƙofa, ina karantawa tana juya shafi. Da muka kai shafi na shida sai ta dangwala yatsa.

"Goggo, ga mu nan."

Ba yarinyar ta nuna ba. Can a bayan hoton akwai wasu yara uku, ƙanana kamar ƙwayar wake, a kan rufin kwano, ruwa ya kewaye su.

Na ce, "A'a, ke ce wannan mai jakar."

Ta ɗora hannunta a kan hoton. "Wannan ai fara ce. Dubi hannunta, dubi nawa. Su ne masu jaka. Mu a kan rufi muke jira."

Ba ta faɗa da fushi ba. Kamar yadda za ta ce gobe Talata, haka ta faɗa. Na ɗauko tsohuwar jakar makarantarta na ce mu haɗa tamu. Ta girgiza kai.

"Ba sai mun wahala ba, Goggo. Za su zo su ɗauke mu."

Washegari, ina neman takardar da zan shimfiɗa a teburina, na jawo wata daga tulin takardun gwajin bugu da ake zubarwa bayan inji. Shafukan littafin ne. Ga yarinyar da jakarta, ga jar rigarta, amma baƙa ce kamar Aku, har da kitso biyu da suka miƙe sama. Na kai wa Iya.

Ta kalla ta taɓe baki. "Aikin Gwani ne. Ko gawayi ya bi ta kwamfutar nan sai ya fito alli."

Gwani shi ke gyara hotuna kafin a buga. Shekarata uku a wurin ban taɓa shiga ɗakinsa ba. Na tsaya a ƙofar har sanyin na'ura ya fara cin ƙafata, sannan na yi sallama.

"Wa nake gani? Yau kurma ta yi magana?"

Na ajiye masa takardun biyu a gefe da gefe. Na ce, "Yaya Gwani, wacce ce ta gaskiya?"

"Waccan baƙar ce mai zanen ta aiko, wuluk kamar gindin tukunya. Na gyara mata."

"Ta ce a gyara?"

Ya yi dariya ya juyo da kujerarsa. "Ƙanwata, shekara goma sha biyu ina nan. Amarya, ɗan takara, mai sayar da magani, kowa abu ɗaya yake ce min: a ɗan haska ni. Ba wanda ya taɓa dawo min da hoto don ya yi fari. Wanda ya yi duhu ake dawowa da shi. Yanzu ko tambaya ba na yi, hannuna ya saba."

"To na kan rufin fa? Su ba ka haska su ba."

"Waɗannan mitsi-mitsin? Wa zai kalle su?"

"'Yar yayana ta kalle su."

Na faɗa masa abin da Aku ta ce, kalma da kalma, idona a ƙasa. Da na ɗago, dariyar ta tafi. Hannunsa na kan tebur kusa da takardar gwajin, launinsu ɗaya da na yarinyar. Shi ma ya gani, ya janye hannun.

Shi ya kai maganar gaban maigida, ni ina bayansa ina murza bakin gyalena. Maigida ya saurara yana duba agogo.

"An gama buga dubu biyar. Takarda ta ƙare a kansu, mota jibi za ta zo. Masu littafin sun ga hoto a waya sun ce ya yi kyau." Ya leƙo ta kafaɗar Gwani. "Ke kuma, ninki na ɗauke ki ko duba fuska?"

Na koma teburina. Iya ba ta tsokane ni ba ranar.

Dab da tashi, Gwani ya fito ya durƙusa a gaban tulin gwaji da farar rigarsa. Ya daɗe yana tono. Ya kawo min sauran shafukan, wani da sawun takalmi a gefe, ya ajiye a teburina. Na ninka su. Iya ta buga ƙusa biyu, ta duba ta ga sun miƙe sosai, ta miƙo min.

A gida, Aku ta daɗe tana kallon bangon littafin.

"Kitsonta irin nawa."

"Irin naki."

"To me ya sa jiya ta yi fari?"

"Kuskure aka yi a wurin aikinmu."

Ta karɓi wannan ba musu. Ita da kanta ta ɗauko jakar. Ta sa tocilar babanta, ta sa gora, ta matsa wa uwarta sai da ta fito da takardun haihuwa. Ta ƙara da 'yar tsanarta, duk da babu ita a littafin.

Ranar da mota ta zo, ni na ɗaure littattafan hamsin-hamsin da igiyar roba. Kowane ɗauri, farar fuskar nan ce a sama tana murmushi.

Da la'asar ɗin ranar hadari ya haɗo daga gabas. Na iso gida da sauri na leƙa ƙarƙashin gado, babu kowa. A bakin ƙofa na same ta, goye da jakar, a tsaye, tana kallon kwatar da ke gaban gida.

Ta ce, "Ruwan bai kai dutsen can ba tukuna. In ya kai, tudu za mu hau."

Na riƙe hannunta. Ruwan bai kai dutsen ba. Da ya tsagaita, ta sauke jakar ta rataye a ƙusa, bakin ya fara dawowa.

"Goggo, malama ta ce gobe za a raba mana littafin ambaliya, kowa da nasa. Ƙawata ma a kan rufi ta wuni bara. Wanne za a ba su, mai farar ko mai kitso irin nawa?"

Na dubi tafin hannuna. Har lokacin akwai shatin igiyar.