Kaset Ɗin Gaisuwa

Malam Halliru yana cikin zuba batir a rikoda sai Fijo ɗin sufeton makarantu ta tsaya a gindin darbejiya. Sabuwa ce dal, ko ledar kujeru ba a cire ba. A shekarar nan ta ƙarin albashi, duk wanda ke da tebur a ofis ya zama mai mota. Malam Halliru kuwa rikoda ya samu, ita ma ta aro.

Sufeto Sabo ne ya kawo tsarin: 'yan aji shida na Wudil su riƙa musayar kaset da wata makaranta a Ingila, domin idon yara ya buɗe. Malamin da ya burge kuma za a tura shi kwas can. Halliru bai taɓa wuce Kaduna ba, kuma yana son zuwa ƙwarai.

Kaset ɗin Turawa ya iso makon jiya. Yaro na farko ya faɗi sunansa, ya ce yana da kare, kuma a ɗakinsa karen yake kwana. Mairo, 'yar masunta daga bakin gada, ta ɗaga hannu.

"Malam, ba su gaishe mu ba."

"Al'adarsu ce haka."

"To su wa zai buɗe musu ido?"

Halliru ya bar yaran suka shirya nasu yadda suka ga dama. Shi ne yau sufeto ya zo sauraro kafin a aika.

Sabo ya zauna a kujerar malam, aka danna. Muryar Mairo ta yi bayani da Turanci kan yadda ake amsa gaisuwa, sannan aji duka ya ɗauka: "Ina kwana?" Shiru. "Ina gajiya?" Shiru. Suka tambayi sanyi, suka tambayi iyaye, Bilya na bencin baya har lafiyar karen ya tambaya.

"Halliru, shirun nan na mene ne? Kaset ɗin gwamnati ne fa."

"Wurin amsa ne, ranka ya daɗe. Ba a gaida mutum a hana shi amsawa."

"Ce maka na yi su rera waƙar Turanci, su faɗi sabon titi, su faɗi siminti da man fetur, Turawa su san mun ci gaba. Kai kuma shiru za ka aika musu a jirgin sama? A goge, a sake. In ba ka iyawa, akwai malami a Darki da zai iya, shi ma yana son ganin Ingila."

Ya miƙa yatsa zai kashe. Daidai nan rikoda ta ce, "Ina aiki?"

"Da godiya," in ji Sabo, kafin ya ankara.

Yara suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Halliru ya zare kaset ɗin, ya sa mukullin kekensa ya ɓalle haƙoran nan biyu na jikinsa don kada a iya goge shi.

"Wannan ba dabara ba ce," in ji Sabo. "Salatif kawai za a liƙa a wurin, a goge."

"Haka ne, ranka ya daɗe." Halliru ya jefa kaset ɗin a aljihu. "Shi ya sa ni da kaina zan kai shi gidan waya, in an tashi."

"To ka cire Ingila daga ranka."

"Na cire."

Sabo ya kaɗa riga ya fita, ya buga ƙofar mota da ƙarfin da sabuwar mota ba ta buƙata. Suna kallonsa ta taga har ya hau titi.

"Malam," in ji Mairo, "ko sallama bai yi mana ba."

Halliru ya ɗauki alli ya juya ga allo.

"Ku yi masa uzuri. Shi ya riga ya yi kwas ɗin Ingila."