Bargon Mis Walta

Ba zan je ba, Rhoda. Mayar da baƙin ɗankwalin nan inda kika ɗauko shi, ba ni da gawa a garin nan.

Na ji, Mis Walta ta mutu. Sau uku ke nan kina faɗa, gwiwata ce ta tsufa, ba kunnena ba. Fasto yana so in tsaya gaban akwatinta in roƙi gafara, don kada a ce uwar mijinki Haggai ta hana tsohuwa bargo. To, na hana. Zauna ki ji yadda aka yi, tunda ke a ranar kina bakin ƙofa ana ɗaukar ki hoto.

Ai ku kuka kai ni. Tun da kuɗin mai ya zo aka turo mazajenku London sayo wa gwamnati motoci, Zumuntar Matanku ta rasa abin yi ran Lahadi sai ziyarar majami'un talakawan Turawa. Kuka cika mota da barguna, sai unguwar Lewisham. Majami'ar da rufinta ke ɗiga a bokiti, tana warin kabeji da fitsarin kyanwa. Tsofaffi goma sha ɗaya, kowa ya yi sujada cikin kwat ɗinsa. Da aka tashi suka yi layi. Ban zaci zan rayu in ga Bature a layi da hannu a miƙe ba. Na gani, na kuma ƙara kallo.

Mis Walta ce ta ƙarshe, bargon ƙarshe kuma yana hannuna. Ta ɗago ta ce, "Sannunku da zuwa, mata. Shekara talatin na yi a ƙasarku." Fuskar ta yamutse, haƙora sun zube, amma muryar tana nan.

Ke 'yar birni ce, ba ki san ta ba. A kan keke take zagaya majami'un ƙauyukanmu da damina, ƙunshin barguna a baya. Ƙa'idarta ɗaya: ka kawo ayar haddar mako, ka karɓi bargo. Ni ban iya karatu ba, da kunne nake kamawa. A makon nan kuwa ɗan farina, wan mijinki, wanda ba ki taɓa jin sunansa a bakina ba, haƙarƙarinsa ya kama. Ɗaki yana yoyo, zanena ɗaya, shi nake rufa masa. Ina na ga kunnen aya? Na tsaya gabanta da shi a goye, zafinsa yana ƙona mini baya. Na fara, na kai tsakiya, ta ɓace.

Ba ta yi faɗa ba. Ita ba ta faɗa. Ta yi murmushi, ta shafa mini kumatu, ta ce, "Dokas, Allah ba ya son ragwanci. Ki dawo Lahadi mai zuwa."

Kada ki katse ni, ban gama ba.

Shi ne a Lewisham ɗin na ce mata, "Malama, ayar wannan mako."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Da ta ga ban saki bargon ba, ta gyara tsayuwa kamar 'yar makaranta. Ta fara. Hausar ta gudu ta bar ta. Ta koma farko. Har kalma biyu na ɗora mata, Rhoda, abin da ita ba ta yi mini ba. Duk da haka a tsakiya ta tsaya.

Ta ce, "Na san ki ne?"

Na faɗa mata sunana da na ƙauyenmu. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Kuna da yawa, 'yata."

Da ta tuna, wataƙila da na ba ta. Wataƙila.

Na shafa mata kumatu. Sanyi ƙalau, kamar randa. Na ce, "Malama, Allah ba ya son ragwanci. Ki dawo Lahadi mai zuwa." Ta ce, "To." Kin ji, to ta ce. Ta san ƙa'ida, ita ta kafa ta. Na naɗe bargon na sa a jaka. Shi ne wanda ke kan gadona, mai ratsin ja, kika ce ya yi wa ɗakin kyau.

Yanzu kin tsaya a kaina kina cewa ɗakinta ba wuta, sanyi ya shiga ƙirjinta, ba ta kai Lahadin ba. Ni za ki koya wa yadda sanyi ke shiga ƙirji?

Yaushe ma kika ce maƙwabta suka tsince ta? Alhamis?

Ta yi ƙoƙari. Nawa bai kai Talata ba.