Iskar Taya Takwas

Tun safe Shetu ta kasa zama. Ta haɗa shayi ta manta shi, ta leƙa titi ta tagar ofishinsu na Peckham a Landan, ta dawo ta sake kunna bidiyon gwajin jiya.

Shekara biyu ta yi tana ƙera wannan shimfiɗa ta sandunan gorar ruwa, wadda ake warwarewa a bakin teku kamar tabarma don motocin soja su sauka daga jirgin ruwa ba su kafe a yashi ba. A gwajin jiya babbar mota ta bi ta kai sau hamsin, shimfiɗar ko gezau. Nathaniel, ogan ofishinsu ɗan Jos, yana jiran ta sa hannu kafin ƙarfe huɗu ya aika wa sojoji rahoto.

Amma tayoyin motar sun tsaya mata a rai. A bidiyon sun baje ƙasa kamar gurasa.

Ta kira direban, Abdul-Mumuni, dattijo ɗan zangon Kumasi da ya shekara goma yana jan tirela zuwa Agadas. Bai ɓoye ba. Ya ce da ya ga yashi sai ya zagaya ya rage wa tayoyin iska, duka takwas, kafin turawan da ke kula da gwajin su gama shan kofi.

"Hajiya, kai ma ka sani," in ji shi. "Wa ke shiga yashi da taya cike? Sai wanda bai son mota."

"Baba, ai so ake motar ta wahalar da shimfiɗar."

Sai ya tambaya ko za a kore shi. Ta ce ba ta sani ba.

Taya mai laushi lallaɓa ƙasa take yi. Sojan da zai sauka a guje ba zai tsaya rage iska ba. Ta sauka bene, ta hau, ta sake sauka.

Nathaniel ya saurare ta yana murza biro. Ya tuna mata ba wanda ya auna iskar, kuma ba za a sake samun izinin gwaji a bakin tekun ba sai watan Maris. Ya ce in aka sake gwajin da taya cike, da wuya shimfiɗar ta kai hamsin.

"Na sani, Oga. Talatin nake zato."

Ta tura masa takardar ba sa hannu, ta ce a saya mata ma'aunin iska, da hannunta za ta auna a gwajin Maris.