Kuɗin Haihuwar Saratu

Sau biyu Saratu tana ɗaukar ciki wata tara cur, sau biyu ana binne abin da ta haifa tun bai yi kukan farko ba. Mijinta Munkaila manomi ne a wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar Illela a ƙasar Nijar, mutum ne da magana ba ta dame shi ba, amma a kan Saratu yana iya faɗa da kowa. Bayan rashin na biyu ne ya ɗauke ta zuwa wani asibitin 'yan mishan da ke gabas da su, inda ake biyan kuɗi. Baturiyar likitar da ta duba ta, ta bakin tafinta, ta ce ƙugunta ne ya yi ƙanƙanta. In Allah ya sake ba ta ciki, su zo tun kafin naƙuda su zauna a yi mata aiki a ciro ɗan. Aikin da gado da magani, jikka shida, wato sefa dubu shida.

Tun daga ranar Saratu ta shiga tari. Ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi dakau, ta sayar da 'yan kunnenta na azurfa da kwalla biyu daga kayan ɗakinta. Dala-dala take jefawa cikin wata 'yar tukunya da ta binne ƙarƙashin gado. Shekarun fari suka zo suka cinye awakinsu da rumbunsu, ba ta taɓa tukunyar ba. A farkon 1974 ciki ya bayyana, a lokacin kuɗin sun cika har da 'yan dalolin mota.

Ruwan shuka ya sauka a watan shida, irin wanda aka yi shekaru ba a gani ba. Gari duka ya fita gona, ban da Munkaila. Irin da ya ɓoye sun cinye shi tun da bazara. Kwana biyu yana zaune a ƙofar gida yana jin ƙamshin ƙasa, yana kallon maƙwabta na wucewa da sungumi a kafaɗa. A rana ta uku Saratu ta fito ta ajiye tukunyar a gabansa.

"Malam, tashi ka tafi Konni ka sawo iri."

"Mayar da ita inda kika ɗauko."

"In ba ka shuka ba, ɗan in ya zo me za ni ci in ba shi nono? Gidan likita na gwamnati kyauta ne. An ce an kawo sabuwar ungozoma wadda ta yi karatu a Yamai, hannunta da sa'a."

"Kin dai ji abin da baturiyar nan ta ce."

"Na ji. Ita ma ba ta san gobe ba."

Ya ƙi har azahar. Da la'asar ya ɗauki jikka huɗu, yana gaya wa kansa zai yi ƙwadago a gonakin mutane ya mayar kafin watanta ya kama. Ƙwadagon bai samu ba, don kowa a shekarar da hannunsa yake noma. Sauran biyun kuma tsaba ta cinye su kafin gero ya fid da kai.

Naƙuda ta taso mata wata safiyar Talata cikin watan takwas. Munkaila ya ɗaura sansa guda da ya tsira daga fari a amalanke, ya shimfiɗa mata tabarma. Mahaifiyarta, Inna Tabawa, ta hau ta riƙe mata kai. Hanya duk caɓi, sai bayan azahar suka isa gidan likita na gwamnati da ke garin da ya fi kusa da su.

Gaskiya ba a tambaye su ko dala ba a ƙofa. An ba ta gado, ungozomar kuma yarinya ce mai fara'a, ta tsaya a kanta tsakani da Allah. Sai dai kabad ɗin magani wayam yake. Aka rubuta masa takarda ya je kanti ya sawo allura da auduga da ruwan ƙari. Ya ba mai kantin rigarsa ta sallah ya riƙe jingina.

Washegari da hantsi Majo, babban ma'aikacin gidan, ya kira shi gefe. Dattijo ne mai furfura, idonsa ya yi ja don gajiya.

"Bawan Allah, ɗan nan ba zai fito da kansa ba. Nan ba mu da ɗakin aiki, ba mu da mai yi. Sai babban asibitin Tawa, ko wajen 'yan mishan in kana da hali, sun fi kusa. Motarmu ga ta can, amma rabon esansinmu na wata ya ƙare tun mako biyu. In ka zuba mai, yanzu direba ya tashe ta."

"Nawa ne man?"

"Jikka uku, zuwa da dawowa."

Munkaila ya kwance san daga amalanke ya ja shi kasuwa. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna duk babu kowa. Ya bi gida-gida yana neman mahauta, daga wannan a ce ya tafi gona, daga wancan a ce ba shi da kuɗi a hannu. Wanda ya saya daga ƙarshe ya ga fuskarsa ya gane, ya taya rabin kuɗin san, ya ƙi ƙara ko dala. Munkaila ya karɓi jikka tara bai ko ƙirga ba, ya juyo da gudu. Kafin a samo direba, a samo mai a zuba, rana ta karkata.

A cikin mota Saratu ta daina ihu. Inna Tabawa ta ce, "Alhamdu lillahi, ta samu sauƙi." Ungozomar da ta rako su kuwa sai ta ƙwanƙwasa wa direba gilashi ta ce ya ƙara wuta.

A asibitin mishan ba a tsaya zancen kuɗi ba, aka wuce da ita ciki. Munkaila ya zauna ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya kasa ko jan carbi. Gab da magariba tafintan nan na da ya fito, ya tsuguna a gabansa ya kama masa hannu.

"Matarka tana da rai. Yaron ya riga mu gidan gaskiya, tun a hanya. Mahaifar ta fashe, dole aka cire ta don a ceci uwar. Ba za ta ƙara haihuwa ba. Ka yi haƙuri."

Aka miƙo masa yaron cikin farin ƙyalle. Namiji ne, mai nauyi, gashi baƙi ƙirin kwance a kansa. Da safe shi da wasu mutum biyu masu jinyar 'yan uwansu suka kai shi maƙabartar garin. Bai ma san sunayensu ba.

Kwana uku Saratu ba ta san inda take ba. Ranar da ta farfaɗo, gaban rigarta sharkaf yake da nono. Ta dubi rigar, ta dubi gefen gadon, sannan ta dubi mijinta.

"Malam, mace ce ko namiji?"

"Namiji."

"Ya yi kuka?"

Ya girgiza kai. Ta juya fuska ga bango. Inna Tabawa ta ce masa a bar sauran maganar sai ta yi ƙarfi, amma ya san in Saratu ta ji daga bakin wani ba za ta yafe masa ba. Ya matso ya gaya mata, a hankali, kamar yadda aka gaya masa. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce, "Ni na ba ka kuɗin. Kar ka ɗora wa kanka."

"Ni na karɓa, Saratu."

Daga nan ba wanda ya ƙara tayar da zancen, a ranar ko bayanta.

Ta yi kwana ashirin da ɗaya a gado. Kuɗin asibiti suka kama jikka takwas saboda jini da aka ƙara mata da tsawon jinya. Ya ba da shidan da suka rage masa, aka yafe masa biyu da aka ji labarinsa. Amalanken kuwa, tun tana jinya ya koma can garin ya bar wa mai kantin magani ya karɓo rigarsa da ɗan abin da zai kai su gida.

Ranar da aka sallame su ta ce sai ya kai ta ta ga wurin. Suka taka a hankali, tana dafe da ciki, tana hutawa a kowace inuwa. Ruwa ya yi ta zuba a makonnin nan, ciyawa ta rufe maƙabartar, ƙananan kaburbura kuma sun fi goma a jere. Munkaila ya yi gaba ya dawo, ya sake yin gaba, ya kasa gane wanne ne. Ya tsaya yana share fuska da hannun riga.

"Bari, Malam," in ji ta. "Mu yi musu addu'a su duka."

Suka tsuguna suka yi. Sannan ya kama hannunta ya tashe ta, suka nufi bakin hanya jiran motar da za ta bi ta Illela.