Shekara Goma Sha Ɗaya a Bencin Baya

Matashin kai ɗaya. Bargo. Filas na kunu. Bokitin roba mai murfi, ko amai zai taso. Zanen Zumuntar Mata ta coci a goge, cikin leda. Kayan da Celina ta ɗauko ke nan, sai uwarta, Mama Kande, da ke jingine a kafaɗarta a bayan keke napep. Tsohuwar ta ƙare, ba abin da ya rage mai nauyi a jikinta sai cikin da ya kumbura.

Sun baro unguwar Kudenda da hantsi. Lahadi ce, masana'antu a rufe, titi ba kowa. Duk ramin da keken ya faɗa, sai Mama Kande ta cije leɓe.

"Malam Isiyaku, don Allah a hankali," in ji Celina.

"Anti, hankalin ke nan. In na rage kuma sai dai mu sauka mu tura." Mai keken ya ɗan waiwayo. "Amma fa asibiti ba ta nan yake ba."

"Ba asibiti za mu ba. Coci za mu, a unguwar Television."

Ya dubi tsohuwar ta madubi. Can ya ce, "Allah ya sawwaƙe."

Asibiti sun gama nasu. Ranar Laraba likita ya ja Celina gefe, ya ce hantar ta lalace, a kai ta gida a ba ta duk abin da ranta ke so. Sati biyu, in an yi sa'a uku. Da Celina ta tambaye ta me take marmari, ta zaci za ta ce farfesun kifi. Mama Kande ta ce, "Jibin Ubangiji."

Shekara goma sha ɗaya rabonta da wannan gurasa da ƙoƙo da ake rabawa a coci. Lokacin da mijinta Tanko ya rasu ya bar mata yara huɗu, sai ta kafa tukwane a bayan gida tana dafa burkutu. Bayan ta yi shekaru tana yi, dattawan ikilisiya suka kira ta har sau uku, ta ƙi sauke tukunya, suka sa ta a horo. Aka cire ta daga Zumuntar Mata, aka mai da ta bencin baya kusa da ƙofa, in an zo raba gurasa da ƙoƙo a tsallake ta. Duk da haka ba ta taɓa fashin sujada ba. Ranar da autanta ya gama makaranta ta kife tukwanen, yau shekara biyar. Amma ba a fita horo don kawai an daina. Sai mutum ya zauna gaban dattawa ya faɗa da bakinsa cewa ya yi nadama, sannan a karɓe shi gaban jama'a. Wannan zaman ne ta yi ta ɗagawa.

Jibi kuwa sau ɗaya ake yi a wata, Lahadin farko. Yau ce. Ta gaba ba za ta same ta ba.

"Mama, kin tuna ko? Abu ɗaya za su tambaye ki. Ki ce i."

"Tun jiya kike faɗa."

"Ba wa'azi za ki yi musu ba. I kawai."

"Wai ke kika haife ni, ko ni na haife ki?"

Sun tarar an fara waƙoƙi, kiɗan tulu da ganga na tashi har bakin titi. Celina ta ciro zanen Zumunta za ta ɗaura mata, tsohuwar ta ture hannunta, ta ce ba a karɓe ta ba tukuna. Isiyaku da wani mai tsaron ƙofa suka ɗora ta kan kujerar roba, suka zaga da ita ta gefen coci zuwa ɗakin dattawa, suka ajiye ta suka fita.

Ɗakin ƙarami ne, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. A kan tebur ga farantan Jibi an lulluɓe da farin ƙyalle, suna jiran a fita da su. Fasto Wilson na tsaye. Matashi ne, shekararsa biyu a wannan coci, shi Celina ta kira a waya tana kuka ranar Alhamis, shi kuma ya lallashi dattawa su zauna kafin wa'azi. Su uku ne a kan benci. Na tsakiya Baba Shekari, shugabansu, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda da bakinsa ya karanta sanarwar horon a wancan lokaci.

"Kande, sannu da jiki," in ji shi.

"Yawwa, Shekari. Ka tsufa."

"Ai tare muke."

Aka yi gajeriyar addu'a. Baba Shekari ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ba za mu wahalar da ke ba. Kin daina sana'ar nan?"

"Shekara biyar."

"Mun sani, mun kuma gode wa Allah. Saura ɗaya. Kin yi nadamar abin da kika yi?"

Celina ta matse yatsun uwarta. Tsohuwar ta yi ta numfashi, kamar mai hawan tudu.

"Akwai mazan da suka sha a gidana suka je suka daki matansu," ta ce. "Na san sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana cin raina, na roƙi Allah gafara ba sau ɗaya ba. Amma in kana nufin da za a mai da ni washegarin da aka binne Tanko, yara huɗu na kallon bakina, ba zan ɗora tukunya ba, to gaskiya zan ɗora."

"Mama!" Celina ta juya ga dattawa. "Baba, ku yi haƙuri, zazzaɓi ne. Ba ta san abin da take faɗa ba."

"Na sani sarai," in ji tsohuwar.

Fasto Wilson ya durƙusa kusa da kujerar. "Mama, bari in sa miki ita haka. Kin yarda zunubi ne?"

"Na yarda."

"To ai Baba, ina ganin..."

"Fasto, ba haka tambayar take ba," in ji Baba Shekari, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Tun kafin a haife ka haka ake yin ta. Yanzu haka mata biyu na zaune a bencin baya kan wannan sana'a, kowacce da marayunta. In Kande ta ci Jibi yau da wannan amsa, gobe me zan ce musu? In ce ku ci gaba da dafawa, in yara sun girma ku zo?"

Ta bango ana jin mai ba da waƙa ya sake ɗauko baitin da aka riga aka gama.

Celina ta zube a kan gwiwoyinta a gaban benci. Shekararta talatin da shida, malamar firamare ce, ba ta taɓa durƙusa wa kowa haka ba.

"Baba, ni na ci burkutun nan. Shi ne tuwona, shi ne takalmin makarantata, shi ne takardar koyarwa da nake riƙe. Mu huɗu muka ci. Duk wata ina miƙa hannu ina karɓar gurasa, ita tana baya tana kallon ƙeyata. In laifi ne, ku raba mana shi. Ku ɗora mini nata."

"'Yata, ba a ɗaukar wa wani tuba."

Sai ta ja gwiwa ta koma wajen uwarta, ta kama ƙafafunta da suka kumbura.

"Mama, don Allah. Don darajar Yesu. Kalma ɗaya ce. Ki faɗa, Allah ya san abin da ke zuciyarki."

"Shi ya sa ba zan faɗa ba."

"Ke kika ce kina so! Ke kika sa na ɗauko ki!"

"Ina so." Hawaye ya gangaro gefen hancin tsohuwar, ba ta share ba. "Ba abin da nake so kamarsa. Amma in yi ƙarya in haɗiye ta tare da gurasar? Kwana nawa ya rage in tsaya a gabansa, Celina? In ce na yi nadamar ciyar da ku?"

Baba Shekari ya mai da tabaransa.

"Mu ba ta lokaci ta yi tunani," ya ce. "Wata mai zuwa sai mu sake zama."

"Babu wata mai zuwa, Baba! Ku dube ta!"

Baba Shekari ya dube ta. Tare suka yi ajin baftisma da ita, shi ya riƙe gefen akwatin gawar Tanko. Ya kawar da kai.

"Za mu zo gida mu yi mata addu'a. Ko yau da yamma."

"Addu'a muna yi. Ba ita ta roƙa ba." Celina ta juya. "Fasto, ku ce wani abu mana. Ku kuka ce in kawo ta."

Fasto Wilson ya buɗe baki, ya dubi dattawan, ya dubi agogon hannunsa. "'Yar'uwa Celina, majalisar dattawa ce ke da magana a kan horo. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Baitin nan ya zagayo karo na uku. Jama'a na jira. Baba Shekari ya yi wa sauran biyun alama, suka tashi, kowanne ya ɗauki faranti da hannu biyu, a hankali don kada kofunan su zube.

Mama Kande ta taɓa kan 'yarta. "Tashi, kin ɓata zanenki. Kira mai keken nan su kai ni bencina, kada wa'azi ya wuce ni."

Bencina. Haka ta faɗa, yadda mutum zai ce ɗakina. Celina ta ga abin da zai biyo baya kamar an riga an yi: za a ajiye kujerar kusa da ƙofa, faranti zai bi layi-layi har ya iso na ƙarshe, mai rabo ya sunkuyar da kai ya juya. Ita kuma a ce ta je gaba ta miƙa hannu.

Ta miƙe. Taku uku ne tsakaninta da ƙofa, ta riga dattawan isa. Ta ja ƙofar ta rufe, ta tura sakata, ta jingina bayanta da ita.

"Celina," in ji Baba Shekari, "buɗe ƙofar nan."

"Ku koma ku zauna, Baba, ku sake shawara. Ba farantin da zai fita ɗakin nan sai uwata ta ci. In horo ne, ku sa ni."